Sunan da Ke Jikin Ledar Zogale

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Malam Gado ya sha kunu da kansa. Da hannunsa ya riƙe ludayin, ba wanda ya tallafe shi. Ina tsaye bakin ƙofar ɗakin asibiti da kwano a hannuna, sai na nemi dakali na zauna. Likita ya ce kan ya daidaita, ƙafar ce za ta ɗauki lokaci. Na gode wa Ubangiji. Kwana goma sha bakwai ke nan tun ranar da ɗan farina ya buge shi da babur a hanyar Tsibiri, yau ne na fara jin numfashina yana kaiwa ciki.

Matarsa ta karɓi kwanon yau. Ba ta dube ni ba, amma ta karɓa.

Na sayi wannan karne a bakin asibiti don in riƙa rubuta odar zogale, ga shi na fara da wani abu daban. Bari in sa sunana kamar yadda mushe, malaminmu, ya koya mana a lakwal, makarantar boko: Saloma, matar Kalibu, Sabon Gari, Maraɗi.

Wayar yaron a kashe take.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Ina cikin tankaɗe sai ga kiran Muhammad Auwal, mai kantin nan na Yamai da ke sayen garin zogalenmu katon-katon. Ya ce, "Madam, lafiya kuwa? Mutane suna buga adireshin da ke jikin ledarku, ba abin da ke fitowa sai farin shafi." Na ce rezo ne, layin sadarwa ne ba ƙarfi. Ya ce sati guda ke nan, wane irin rezo ne wannan?

Na ajiye rariya na ɗauko leda guda na dube ta, kamar yau na fara ganinta. Mata talatin da biyu ne a Jiratawa suke noma zogalen, ni nake shanya shi a inuwa, in daka, in tankaɗe, in rufe. A ƙasan kowace leda an buga adireshin shafinmu na intanet da koren rubutu, kuma adireshin nan sunan ɗan farina ne. Shi ya buɗe mana shafin bara, shi ya sa masa suna yana dariya, ya ce tunda ba zan taɓa faɗin sunansa ba, to bari duniya ta faɗa a madadina.

A takarda zan iya rubutawa sau ɗaya: Yo'el. Zogalen Yo'el. A baki kuwa, shekara ashirin da bakwai ban taɓa ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta koma. Babba nake ce masa. In mai saye ya tambaye ni sunan shafin a waya, sai in ce ya duba jikin leda.

Leda dubu uku ke cikin ɗaki da sunan nan.

Laraba, 9 ga Oktoba, da hantsi

Na hau kabu-kabu na je sibar ɗin Atika, shagon intanet da ke kusa da babbar kasuwa. Ita ce ke buga mana takardu, kuma ta san kan ordinata, wato kwamfuta, fiye da mazan layin duka. Na miƙa mata tabilet ɗin sana'a da Babba ya bari a kan tebur ranar da ya fita. Ta shafa, ta shafa, sai ta ɗago kai.

"Tanti, waɗannan saƙonni uku fa? Ba ki buɗe ba?"

Na ce na gan su. Kowanne da sunansa ya fara, da Faransanci. Wasiƙunsa ne. Ni da hankalina in zauna in buɗe wasiƙar ɗan fari in karanta? Na odar zogale nake buɗewa, nasa kuwa na bar masa har ya dawo.

Atika ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Tanti! Ai ba wasiƙar budurwa ba ce. Kamfanin da ke riƙe da sunan ne yake cewa wa'adi ya kusa, a sabunta. Sau uku suka gaya miki!"

Kunya ta kama ni, sannan haushi ya biyo. Na ce to su ba su da baki ne? Ba su san lambata ba? Ta ce ba su sani ba, komai da sunansa da lambarsa aka buɗe.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da haƙuri. Abu biyu ne, in ji ta. Akwai masauki, wato inda hotunanmu da rubutunmu suke zaune, kamar rumfar haya a kasuwa. Akwai kuma suna, kamar allon da ke saman rumfar. Duka biyun wa'adinsu ya cika ranar 28 ga Satumba. Masauki ba abin damuwa ba ne, ana iya kama wani ko yau, kuma hotunan suna nan cikin tabilet. Sunan ne ke da magana. Kamfanin zai riƙe mana shi kwana talatin. Bayan 28 ga Oktoba sai ya fara kuɓucewa, daga ƙarshe kowa a duniya na iya sayensa ya sa abin da ya ga dama.

"A sabunta mana," na ce.

"Sai an shiga akawun ɗinsa. In na taɓa, kodi, wato lambobin sirri, za su tura wa wayarsa, shi zai karanto mana."

Ba ta tambaye ni inda yake ba, don duk garin nan ba wanda bai ji ya gudu ba.

Duk da haka da sauƙi na fito. Na ɗauka komai ya ƙone ne, ashe akwai sauran kwana goma sha tara.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Wayarsa a kashe.

Jumma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Na gaya wa Kalibu jiya da magariba, yana wanke ƙafa bayan ya dawo daga gonar Tsibiri. Bai ɗago ba. Ya ce, "Allah ne ya kawo miki sauƙi. A cire sunan."

Na ce leda dubu uku fa?

"A manna takarda a kai. Saloma, kina jin abin da ake cewa a majami'a? Ba faɗuwar ake magana ba, kowa na iya faɗuwa da babur. Tashin da ya yi ya bar dattijo kwance a hanya ake magana. Wa zai sha magani da sunan nan a jiki?"

Na kwashe kwanuka da ƙarfi har murfi ɗaya ya faɗi ya yi ta juyi a tsakar gida. Abin da ya fi ba ni haushi, gaskiya ya faɗa, kuma ya faɗe ta a sanyaye kamar mai karanta farashin gero.

Asabar, 12 ga Oktoba, da la'asar

Na je Jiratawa karɓar ganye. Maijidda, shugabar matan ƙungiya, ta tara su a ƙarƙashin mangwaro, na gaya masu shafi ya rufe kuma wataƙila sai an sake suna. Tabɗi! Kamar an ce a raɗa wa jariri suna. Wata ta ce Zogalen Albarka. Wata ta ce a'a, Albarka sunan ƙishin ruwa ne, kowane shagon ruwan leda Albarka ne. Wata tsohuwa ta ce a sa Maganin Gajiya, aka fashe da dariya har wata ta zubar da kwandonta. Daga ƙarshe suka tsaya a kan Zogalen Jiratawa.

Na yi dariya tare da su, ta farko tun watan jiya, har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Da za mu rabu Maijidda ta rako ni bakin hanya. Ta ce, "Mu dai ganye muka nomawa, Saloma, ba suna ba. Wanga suna da wancan duk ɗaya na garemu, in dai Yamai ta saya. Ke ad da ciwon abin. Mi ranki ya ce?"

Na ce raina bai ce komai ba. Ta ce to, ta gyara mini ɗaurin buhu a bayan kabu-kabu.

Litinin, 14 ga Oktoba, da hantsi

Atika ta duba. Zogalen Jiratawa ba mai shi, ko da wutsiyar .com ko da ta ƙasarmu, .ne. Ta ce minti goma ya isa, yau ɗin nan in kwana da sabon shafi. Na ji wani sanyi ya sauko mini har tafin ƙafa. Ashe abin da sauƙi haka.

Ta ɗora yatsa a kan madanni tana jirana.

Na ce bari mu fara da masauki tukuna.

Ta kawo mini guda uku a takarda. Na farko na Turai ne, shi ya fi arha, shi Babba ya kama mana bara. Ba su da lambar waya, sai dai ka rubuta ka jira, kuma sai da katin banki. Na biyu wani ne a Kano, ya iya talla, ya ce wuri ba iyaka, komai ba iyaka. Na uku wasu ne a Yamai, sun fi tsada kaɗan, ana biyansu ta waya, kuma sun ce kowane mako suna ajiye kwafin shafi a wani wuri daban.

Atika ta fara karanto mini lambobi, jiga kaza, jiga kaza. Na ce, 'yar nan, tsaya. Ni ban san jiga ba. Amma na san yadda nake zaɓen mai injin niƙa. Ba na tambayar ƙarfin injinsa, ina tambaya ne in ya lalace ranar da nake da oda, a ina zan same shi. Ba ni lambobin wayarsu.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya da rabi

Na kira su da tsakar rana, lokacin da kowa ke neman inuwa. Na Kano ya ɗauka a kira na huɗu, ana hayaniya a bayansa, ya ce zai kira ni. Har yanzu yana kira. Na Yamai wata mata ce ta ɗauka, ta fara da Faransanci, da ta ji nawa yana ɗingishi sai ta juya Hausa. Na tambaye ta, in wa'adi ya kusa, yaya za ku gaya mini? Ta ce imel. Na ce in ban buɗe ba fa? Ta ce saƙon waya. Na ce in ban karanta ba fa? Ta yi dariya ta ce, "To sai mu kira ki, Hajiya." Na ce ba Hajiya ba ce, Saloma ce. Ta ce, "Sai mu kira ki, Madam Saloma."

Na Turai na sa Atika ta rubuta masu. Amsa ta zo nan take, amma ta ce inji ne ya amsa.

Malam Gado ya taka ƙafa yau, da sanda biyu, daga gado zuwa taga.

Laraba, 16 ga Oktoba, da la'asar

Atika ta ba ni adireshin shafuka uku, kowanne yana zaune a ɗaya daga cikin masaukan. Na tafi da su Jiratawa, can ƙarshen fadama inda rezo ke zuwa yana komawa. Masu sayenmu ba duka ke zaune a buro mai sanyi ba. Na tsaya cikin zogale da wayar Maijidda a hannu ɗaya, tawa a ɗayan, muna ƙirgawa da baki. Na Turai ya buɗe a goma sha ɗaya. Na Yamai a goma sha huɗu. Na Kano mun kai arba'in, Maijidda ta ce ita za ta je ta ba awaki ruwa, in ya buɗe in aiko.

Uku tsakanin goma sha ɗaya da goma sha huɗu ba za ta kashe kowa ba. Wanda zai kira ni nake so. Na zaɓi Yamai.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya

An buɗe masauki da sunana, da lambata, da lambar Maijidda a matsayin ta biyu. Atika ta sa na rubuta kalmar sirri da bik a takarda biyu, ɗaya cikin Littafina Mai Tsarki, ɗaya wurin Maijidda. Ta kwashe hotuna daga tabilet ta jera. Na ga hannuwan matanmu cikin ganye, na ga tankaɗena, na ga hoton da ya ɗauke ni ina harararsa. Komai yana nan, ba abin da ya ɓata. Kai, na ji daɗi!

"Saura allo, Tanti," in ji Atika. "Rumfa ta tsaya, ba suna a kai."

Na ce mata gobe.

Na sa an kai jajayen awakina kasuwa. Ɗaya ta isa kuɗin masauki har da saura. Ban san abin da ya sa na ce a kai biyu ba.

Jumma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Na ce mata Litinin.

Wayarsa a kashe. Sau shida.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan sujada

A majami'a aka yi addu'a domin marasa lafiya, fasto ya ambaci Malam Gado ko da yake ba namu ba ne. Sannan ya ce a yi addu'a domin waɗanda suka yi nisa da gida. Bai faɗi suna ba. Mata biyu a bencin gaba suka waigo tare, kamar an ja su da zare ɗaya. Na kafa idona a kan littafin waƙa har aka ce amin.

Saura kwana takwas.

Na san inda zan je. Tun ranar farko na sani, ƙafata ce ta ƙi.

Litinin, 21 ga Oktoba, da azahar

Tsibiri, gidan Yunice, yayar Kalibu. Ita aka ba Babba tun da aka yaye shi, ita ta goya shi, ita ta kai shi lakwal. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa shiga gidan nan na tambayi lafiyarsa ba. Ko da ya yi ƙyanda yana ɗan shekara huɗu, a bakin ƙofa na tsaya na tambayi lafiyar kaji, ita kuma ta ce kaji sun fara cin abinci.

Na same ta tana sussukar gero. Muka gaisa, muka gaisa, muka sake gaisawa. Na tambayi gona, na tambayi ƙafarta, na tambayi rufin ɗakin da ke yoyo. Ta bar ni na ƙare duka.

Sannan na ce, "Yaya Yunice, yaron nan. Yana ina?"

Ta ajiye taɓarya. Ta daɗe tana dubana. "Yau ke ce da bakinki?"

Na ce ni ce. Hawaye suka zubo, ban share ba. Na ce ina son in san ko yana cin abinci.

Ta jawo ni ɗaki. Yana Damagaram, wurin wani abokinsa mai gyaran waya. Ya sake lamba, amma tsohon layin yana aljihunsa. Duk bayan kwana uku yana kiranta, tambaya ɗaya yake yi, dattijon yana da rai? Ta hana shi dawowa da farko don tsoron abin da dangin dattijon za su yi, yanzu kuma shi ne ya ƙi, ya ce ba shi da idon da zai dubi kowa.

Yana da rai, yana cin abinci, yana Damagaram. Na sake rubutawa don in gani da idona: yana Damagaram. Duk hanyar dawowa ina bayan kabu-kabu ina ta godiya a bayyane, har mai babur ya tambaye ni ko biki aka yi.

Na bar mata saƙo: ranar Jumma'a ƙarfe goma ya sa tsohon layi a waya, Atika na bukatar kodi. Iyakar abin da na iya aikawa ke nan.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

An sallami Malam Gado. Na je da kwanon ƙarshe na tarar ana naɗe tabarmi. Ya sa aka kira ni kusa. Ya rame, amma idonsa garau.

Ya ce, "Ke ce mai kunun nan? Gishirinki ya yi yawa ranar Asabar." Matarsa ta ce kunu ba ya da gishiri, Malam. Ya ce to wani abu dai ya yi yawa.

Sannan ya rage murya. "Na gaya wa jandarma ba ni da ƙara. Jakina ne ya yanko hanya, na bi shi ban duba ba. Yaronki tsoro ya kore shi. Ni ma da ina da ƙafa a ranar da na gudu." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Amma ya zo ya gaishe ni. Ba a yi wa mutum haka a tafi ba sallama."

Na durƙusa na yi godiya. Matarsa ta miƙo mini kwanukana guda biyar da suka taru, a wanke.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Kalibu ya kawo takardun mannawa daga wurin mai buga takardu, samfuri guda goma, Zogalen Jiratawa da koren rubutu. Ya gwada ɗaya a kan leda. Ta rufe tsohon sunan ruf, kamar ba a taɓa rubuta komai a wurin ba. Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Na ce ya ajiye a kan tebur.

Jumma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe goma sha biyu

Tun tara da rabi ina sibar. Goma ta yi, Atika ta danna, aka ce an tura kodi. Goma da minti biyar, shiru. Da minti goma, shiru, kodin ya mutu. Aka ɗauke kuran, Atika ta tada janareto tana zagin kowa da kowa. Ta sake dannawa.

Wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Yaya."

Na ce, "Na'am."

"Bakwai, biyu, biyu, tara, sifiri, huɗu." Muryarsa ta dushe kamar mai mura. Na maimaita wa Atika, ta buga, ta ɗaga babban yatsa.

Ya ce, "Yaya, ku kwashe abin da kuke bukata a ciki. Amma sunan ku bar shi ya mutu. Na ɓata shi. Inna ta ce matan Jiratawa sun zaɓi wani, shi ya fi. Kada ki bari abin da na yi ya shiga abincin mutane."

Ina da magana cike da baki. Ina so in ce Malam Gado ya tashi, ina so in ce ka rame ko, ina so in ce abin da ba a faɗa wa ɗan fari. Ga Atika, ga mutum uku suna jiran a buga masu takarda, duk kunnuwa a tsaye. Abin da ya fito shi ne, "To. Na ji." Ya kashe.

Atika ta juyo da allon wajena. "Mun shiga, Tanti. Ga tsohon, ga sabon. Wanne?"

Na nuna da yatsa.

Ta dube ni. "Shekara nawa? Ana iya biyan ɗaya, ana iya biyan biyu."

Na ce iyakarsa nawa?

"Goma."

Na kwance bakin zane na zube mata kuɗin akuya ta biyu da abin da ya saura na ta farko, ta biya da katinta. Ta mai da komai da sunana da lambata, ta ce sunan zai zauna a tsohon kamfani wata biyu kafin a iya kwaso shi zuwa Yamai, amma tun yau zai riƙa nuna sabon masauki. Da ta zo share imel ɗinsa na riƙe hannunta. Na ce wannan ta bar shi, duk takardar da za su aiko mini su aika masa shi ma.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Ya buɗe! Na buga adireshin da ke jikin leda da yatsana, harafi harafi, sai ga hannuwan matanmu cikin ganye. Na rufe na sake buɗewa sau biyar. Muhammad Auwal ya kira ya ce madalla, a shirya masa katon ashirin.

Na kira Maijidda na gaya mata sunan da na bari. Ta ce, "Ai mun sani. Tun ran da kika yi shiru bakin hanya muka sani. Ki zo ki ɗauki ganye, yana bushewa."

Lahadi, 27 ga Oktoba, da la'asar

Kalibu ya ga shafin a wayata. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ba ki ji maganata ba."

Na ce na ji, ban bi ba ne.

Ya ɗauki takardun mannawar nan goma daga kan tebur, ya juya su, ya sake juyawa. Na shirya wa faɗa, har na gyara zama. Sai ya ce za su yi amfani a kan buhunan iri, ya zuba su a aljihu ya fita. Daga ƙofa ya waigo ya ce, "Shekara nawa kika ce?" Na faɗa masa. Ya ce, "Hm," ya tafi.

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

Yau ce ranar da sunan zai fara kuɓucewa. Na yi tankaɗe, na rufe leda ɗari biyu, na yi barcin rana har Kalibu ya tashe ni.

Talata, 29 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ina ɗaure katon na sha huɗu waya ta yi ƙara. Tsohuwar lambarsa ce, wadda na yi wata guda ina kira.

"Yaya, an yi kuskure. Takarda ta shigo mini, sai yau na buɗe. Atika ta sabunta tsohon sunan, kuma an rubuta har shekara ta 2034. Ki ce ta rubuta masu da sauri, wataƙila su mai da kuɗin."

Na ce ba kuskure ba ne.

Ina jin ƙarar babura a bayansa, da wani yana tallan ruwa.

"Shekara goma, Yaya?"

Na ce sun ƙi karɓar fiye da haka.

Ya yi ta numfashi a cikin wayar. Ni kuwa na riƙe igiyar katon da hannu ɗaya har ta shiga yatsana. Can ya share murya.

"Motar safe tana isowa Maraɗi da azahar. Ki gaya wa Baba kada ya tafi gona gobe. Ban san gidan Malam Gado ba, shi zai raka ni."